Alkawarin da Ake Ɗauka da Ɗan Yatsa

Da wuya a sami gida a cikinmu yau wanda babu wayar hannu a cikinsa, kuma duk wanda ya taɓa sa sabuwar manhaja a wayarsa ya ga wani dogon rubutu mai ƙananan baƙaƙe da ke tare masa hanya kafin ya shiga. A ƙarƙashin rubutun akwai wurin da aka ce ya danna idan ya yarda. Mukan danna mu wuce. Wannan rubutu shi ake kira yarjejeniyar lasisi, wato sharuɗɗan da mai manhaja ya gindaya wa duk wanda zai yi amfani da ita.

A ranar 1 ga Afrilu 2010, wani kamfanin sayar da wasannin kwamfuta a Birtaniya mai suna GameStation ya so ya gwada ko akwai mai karanta irin wannan rubutu. Sai ya cusa wani sharaɗi a cikin ƙa'idojin cinikinsa, cewa duk wanda ya yi sayayya a ranar ya mallaka wa kamfanin ransa har abada. An bar wa mai lura ƙofar fita, har da tukwicin fam 5 ga wanda ya ƙi sharaɗin. Duk da haka mutum 7,500 suka amince suka wuce. Wasa ne, kuma kamfanin ya sanar cewa ya mayar wa kowa da ransa. Muna iya yin dariya, amma dariyar ta haɗa da mu, gama kusan dukanmu mun ɗauki alkawura da ɗan yatsa waɗanda idonmu bai taɓa bi ta kansu ba.

Sai dai yau ba masu saye ne a gabanmu ba. Maganarmu ta shafi masu rubuta manhaja, kuma ba baƙi ba ne a gare mu. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna koyon wannan sana'a a jami'o'i da kwalejojin fasaha, wasu ma sun fara cin abinci da ita. Ya kamata iyayen da ke biyan kuɗin makaranta su san yadda aikin yake. Magini ba ya haƙa ƙarfen rodinsa, ba ya sarrafa simintinsa. Yakan tattaro abin da wasu suka yi, ya ɗora gini a kai. Haka mai rubuta manhaja. Kaɗan ne daga cikin aikinsa ke fitowa daga kansa. Sauran guntaye ne da wasu mutane a wasu ƙasashe suka rubuta suka ajiye, ya ɗauko ya harhaɗa. Kowane guntu yana zuwa da lasisinsa. Wani ya ce a biya kuɗi. Wani ya ce a ɗauka kyauta, amma a bar sunan marubucin a jiki. Wani kuma ya ce a ɗauka kyauta, amma duk abin da aka ƙara a kai a bar shi a buɗe domin na baya. Tambayar ita ce: lamirin mai sana'a yana ɗaure da waɗannan sharuɗɗa, ko kuwa surutun lauyoyi ne kawai?

Akwai hujja mai ƙarfi a wajen masu cewa ba ya ɗaure, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa, wanda ya saci akuya ya bar mai ita da turke da igiya. Wanda ya kwafi manhaja kuwa bai rage wa mai ita kome ba. Tana nan a hannunsa yadda take. Sun kwatanta shi da ɗiban wuta a murhun maƙwabciya: an kunna nan, can bai mutu ba. To, ina satar?

Hujjar ta girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. Akwai wani tsohon labari daga ƙasar Ayalan, inda da yawa daga cikin firistocin da suka yi aikin bishara a arewacin Najeriya suka fito. An ce a ƙarni na 6 Waliyi Kolumba ya ari littafin Zabura daga malaminsa Finiyan, ya zauna da dare a ɓoye ya kwafe shi da hannu. Da Finiyan ya gane, sai ya ce kwafin ma nasa ne. Kolumba ya ƙi, yana cewa littafin bai ragu da kome ba don an kwafe shi, kuma bai kamata a kulle ilimi ba. Aka kai magana gaban Sarki Diyarmet, shi kuwa ya yi hukunci irin na makiyaya: kamar yadda ɗan maraƙi ke bin uwarsa, haka kwafi ke bin littafin da ya haife shi. Labarin ya ce rigimar na cikin abin da ya jawo yaƙi wajen shekara ta 561, kuma a 563 Kolumba ya bar ƙasarsa zuwa tsibirin Ayona. An rubuta wannan labari ne kusan shekara 1,000 bayan zamanin mutanen, don haka ba tarihi ba ne da za a rantse a kansa. Amma ya riƙe matsalar daidai. Zuciyarmu tana karkata ga Kolumba, domin Zabura ya kwafa, ba don riba ba. Duk da haka akwai abu ɗaya a labarin da ba ya gogewa: da dare ya yi, a ɓoye. Da ya tabbata malaminsa zai yarda, da rana zai zauna ya rubuta.

Nan ne amsar take. Gaskiya ne ba a rage wa mai manhaja kwafinsa ba. Amma ba kwafi kaɗai ya mallaka ba. Ya mallaki watanni ko shekarun da ya ɓatar yana rubutu, kuma ya mallaki ikon faɗin yadda za a yi da abin da hannunsa ya yi. Maƙwabciyar da ta ba da wuta ba ta yi asarar wuta ba, amma ita ta je daji ta yo itacen, kuma ana sallama kafin a shiga madafinta. Waliyi Toma Akwinas ya koyar cewa adalci shi ne tsayayyen nufi na ba kowa haƙƙinsa, kuma haƙƙi bai tsaya ga abin da ake ɗauka a ka ba. Sunan mutum haƙƙinsa ne, ladan guminsa haƙƙinsa ne, yardarsa ma haƙƙinsa ce. Dokokin ƙasashe sun bi wannan sawu. Amurka ta gyara dokarta a 1980 domin ta fayyace kāriyar manhaja, yarjejeniyar cinikin duniya ta 1994 ta sa manhaja a sahun rubuce-rubucen da ake karewa kamar littattafai, haka kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ɗauke ta.

A watan Fabrairu 1976, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta. Shi da abokan aikinsa sun rubuta manhajar BASIC domin wata ƙaramar kwamfuta da ake kira Altair, sai mutane suka riƙa kwafarta suna raba wa juna. Ya koka cewa waɗanda suka biya ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu na'urar ba, kuma in aka lissafa, ladan aikinsu bai kai dala 2 a awa ba. Mun san abin da za a ce: ai wannan saurayi ya zama ɗaya daga cikin attajiran duniya, wa zai ji tausayinsa? Haka ne, kuma shi ya sa ba a kansa za mu kafa maganarmu ba. Idan dalilin girmama lasisi shi ne tausayin mai kaya, to dalilin zai mutu ranar da mai kaya ya yi arziki. Akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, kuma za mu same shi a wajen mutumin da ya fi kowa adawa da ra'ayin Gates.

Wajen 1980, Richard Stallman yana aiki a ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka. An kawo musu sabuwar na'urar buga takardu ta kamfanin Xerox, wadda takarda ke yawan maƙalewa a cikinta. Ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane idan ta maƙale, kamar yadda ya yi wa tsohuwar. Don yin haka yana bukatar asalin rubutun manhajar, wato rubutun da ɗan Adam ke iya karantawa ya gyara, kafin a juya shi zuwa harshen da na'ura kaɗai ke ganewa. Ya nema, aka hana shi, domin wanda ke da shi ya riga ya sa hannu cewa ba zai nuna wa kowa ba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ya ɗauki irin wannan lasisi a matsayin zalunci, mai raba mutum da maƙwabcinsa.

Abin lura shi ne abin da ya yi da fushinsa. Bai shiga kwafar manhajojin kamfanoni a ɓoye ba. A 1983 ya sanar da shirin GNU, cewa zai rubuta cikakken tsarin manhaja daga tushe wanda kowa zai iya rabawa. A farkon 1984 ya ajiye aikinsa domin kada jami'ar ta ce aikin nata ne. A 1989 kuma ya fito da lasisin da ake kira GPL. Ga abin da lasisin ya ƙunsa a taƙaice: ka ɗauka, ka yi amfani, ka duba cikinta, ka gyara, ka raba, ka sayar ma in ka so, amma in ka miƙa wa wani, dole ka miƙa masa tare da asalin rubutun, a bisa sharuɗɗan da kai ma ka karɓa. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, a 1992 ya sa shi ƙarƙashin wannan lasisi. Dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zuba aikinsu a ciki. Yau duk wayar Android da ke aljihunmu a kan Linux take tsaye.

Me ya sa baƙo zai ba da aikinsa na shekaru ga baƙon da bai sani ba? Domin lasisin ya ba shi tabbacin cewa ba wanda zai kwashe abin da aka tara ya kulle a ɗakinsa. Mu da muka tashi a ƙauye mun san wannan. Ana fita gayya ne domin kowa ya san ranar gonarsa na zuwa. Wanda aka nome masa gona, ran gayyar wani ya ce ciwon baya yake yi, bai ɗauki ko zangarniya ɗaya daga rumbun kowa ba, amma kowa ya san ya ci haƙƙin jama'a, kuma in irinsa suka yi yawa gayya ta mutu a garin. Haka nan wanda aka ba aron gona aka ce kada ya sare ɗorawar da ke ciki. Ba a karɓi kuɗinsa ba, amma rashin biyan kuɗin bai sauke masa sharaɗin ba. Ƙara masa nauyi ya yi, domin a kan amana aka ba shi. Mai rubuta manhajar da ya ɗauki guntun wani ya san da sharaɗi, kuma ɗaukar da ya yi ita ce amsa sharaɗin. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, ko da baki aka ɗauke shi ko da ɗan yatsa.

Wata shari'a a Amurka ta fito da wannan fili, kuma a kan abin wasa aka yi ta. Akwai masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ake shimfiɗa wa dogo a cikin ɗaki. Wani malamin kimiyyar fiziks na jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Robert Jacobsen, ya jagoranci 'yan sa kai suka rubuta manhajar sarrafa jiragen mai suna JMRI, suka sake ta kyauta. Sharuɗɗansu ba su da nauyi: a bar sunayen marubuta, a faɗi inda aka samo, a bayyana abin da aka canja. Wani kamfani ya ɗebi wani sashe na aikin ya sa a cikin hajar da yake sayarwa, ya goge sunayen. Kotun farko ta ƙi ba da umarnin dakatar da kamfanin. A watan Agusta 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci, ta ce sharuɗɗan lasisin kyauta sharuɗɗa ne na gaske da dokar haƙƙin mallaka ke karewa, kuma rashin musayar kuɗi bai nuna cewa abin ba shi da daraja ba. A 2010 aka sasanta, aka biya Jacobsen dala 100,000. Mu dubi abin da aka nema tun farko. Ba kobo aka nema ba. Layuka kaɗan ne masu ɗauke da sunaye. Wanda ya goge su ya haɗa laifi biyu a aiki ɗaya: ya hana ma'aikaci ladan da ya roƙa, wanda shi ne a ambace shi, ya kuma nuna wa masu saye aikin wani a matsayin nasa. Na farko ya taɓa Doka ta Bakwai, na biyu ta Takwas.

Cika sharaɗi kuma yakan haifi alherin da ba wanda ya zata. A 2003 aka gano cewa wata na'urar rarraba intanet ta kamfanin Linksys, samfurin WRT54G, da Linux take aiki, alhali ba a saki asalin rubutunta ba. A shekarar ce kamfanin Cisco ya sayi Linksys. Aka matsa musu, suka saki rubutun. Daga abin da suka saki ne 'yan sa kai suka fara shirin OpenWrt a 2004, wanda ya ba mutane damar sa wa na'ura mai araha ayyukan da dā sai masu tsada ke yi. Na'urar kanta ta yi farin jini na shekaru saboda wannan. Abin da kamfanin ya so ya riƙe, da ya sake shi, shi ya ƙara masa kasuwa. Ba kullum cika alkawari ke biyan mai shi haka ba, kuma ba don riba ake cika shi ba, amma yana da kyau matasanmu su san cewa ya taɓa faruwa.

Yanzu sai mu saurari ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Za a ce, ai wasu lasisin su kansu zalunci ne. Ana tsawaita su da gangan don kada a karanta, ana ɓoye tarko a ciki. Wannan gaskiya ne. A 2005 aka gano cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyar manhaja a kwamfutar mai saye domin hana kwafi, manhajar da ke buɗe ƙofa ga masu kutse, kuma yarjejeniyar da aka nuna wa mutane ba ta bayyana haƙiƙanin abin da take yi ba. Sai da aka janye faya-fayan daga kasuwa. Abin mamaki, masu bincike suka tarar cewa a cikin manhajar hana kwafin akwai guntayen aikin 'yan sa kai da aka ɗauka ba tare da cika sharuɗɗan lasisinsu ba. Mai gadin da aka ɗauka ya kama ɓarayi, rigar jikinsa ta sata ce.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar cewa dole a cika alkawari a kuma kiyaye yarjejeniya, gwargwadon yadda abin da aka ƙulla ya dace da adalci. Saboda haka sharaɗin da ya umarci mutum ya cuci wani, ko wanda aka samu ta hanyar yaudara, ba ya ɗaure lamiri. Ba wanda ya sayar da ransa ga GameStation. Amma mu yi hankali da wannan ƙofa, gama zuciyar mutum tana da saurin kiran duk abin da ya yi mata tsada zalunci. Yawancin sharuɗɗan da masu rubuta manhaja ke takewa ba na zalunci ba ne. Masu takurawa ne kawai. A biya kafin a sa wa kwamfuta ta biyu. A bar suna. A saki abin da aka gyara. Wanda ya ga lasisi bai yi masa ba yana da hanyoyi a buɗe: ya ƙi kayan, ya nemi wani, ya roƙi mai shi izini na dabam, ya rubuta nasa, ko ya yi fafutukar a gyara doka. Hanyar da ba shi da ita ita ce ya ce na yarda a fili, a zuciyarsa kuwa ya ce ban yarda ba, sa'an nan ya kwashi amfanin.

Batun talauci ma yakan taso, kuma mu ba baƙinsa ba ne. Farashin da aka yanka da dala yakan fi ƙarfin mai karɓar albashi da naira ko sefa. Koyarwar Ikilisiya ta yarda cewa wanda yunwa za ta kashe, in ya ɗauki abinci bai yi sata ba, domin rai ya fi dukiya. Sai dai wannan rangwame na matsananciyar bukata ne, inda babu wata mafita. Da wuya mai sana'ar manhaja ya iya cewa ba shi da mafita, tun da akwai Linux, akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai GIMP na gyaran hoto, da dubban guntaye da masu su suka ce a ɗauka kyauta. A nan ma ya kamata mu masu ofisoshin ikilisiya da makarantu mu leƙa kwamfutocinmu kafin mu ɗaga murya a kan yara.

Nauyin ya fi yawa a kan mai sana'a fiye da kakar da jikanta ya danna mata wurin yarda. Shi ya iya karanta rubutun, kuma ya san ma'anarsa. Abin da ya harhaɗa zai shiga hannun dubban mutane da kamfanonin da suka amince da shi, waɗanda za su iya tsintar kansu a kotu a kan laifin da ba su san an yi ba. Shi ma gobe zai sa nasa lasisin a kan nasa aikin, ya sa ran a girmama. Ga kuma sauƙin ɓoyewa: da zarar an juya rubutu zuwa harshen na'ura, ido ba ya gane guntun wane ne a ciki. Jarabar takan zo da dare, aiki ya matse, maigida na jiran kaya da safe, ga guntun da zai warware matsalar a minti 5, ga lasisinsa da bai dace da abin da kamfanin ke son yi ba. A wannan sa'a ba ɗan sanda, ba lauya. Mai yiwuwa a gano bayan shekaru, gama rana dubu ta ɓarawo ce, ɗaya ta mai kaya. Mai yiwuwa kuma ba za a taɓa ganowa ba. Aikin da ake bukata daga gare shi ba mai yawa ba ne: ya karanta lasisin kafin ya ɗauka, ya rubuta inda ya samo kowane guntu, ya gaya wa maigidansa gaskiya ko da za ta jinkirta aikin.

Wanda kuma ya riga ya taka sharaɗi, hanyar gyara a buɗe take, domin abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba sai an mayar. Ya mayar da sunayen da ya goge, ya saki rubutun da ya riƙe, ya biya kuɗin da ya kauce wa, ko ya cire guntun daga aikinsa. Masu lasisin GPL su ma sun yi tunanin mai tuba. A bugu na 2, na 1991, wanda ya karya sharaɗi ya rasa izininsa nan take, sai masu haƙƙin sun yarda su mayar masa. A bugu na 3, na 2007, aka sassauta: wanda aka sanar da laifinsa karo na farko, in ya gyara cikin kwana 30, izininsa ya dawo ɗungum. A watan Nuwamba 2017 kamfanonin Red Hat, Facebook, Google da IBM suka yi alkawarin ba da wannan wa'adi na kwana 30 har ga waɗanda suka karya sharuɗɗan tsohon bugun a kan manhajojinsu, wasu kamfanoni da dama kuma suka bi bayansu.